Yadda Abarshi Ya Kai Uwarsa Bakin Tafki

A gidanmu, idan mutum ya cika shirin tafiya, ya ɗaure kaya ya kwance ya sake ɗaurewa har ya hana kowa sakat, sai a ce ya tashi da halin Abarshi. Yara su yi ta dariya, don ba su san mutumin ba. Ni ma ban san shi ba, amma kakata Dije 'yarsa ce, kuma tana cikin tafiyar da ta jawo masa wannan suna. Ita dai ban taɓa ganin ta yi dariyar ba.

Abarshi manomi ne a wani ƙauye can wajen garin Sarkin Yamma, a 'yan shekarun ƙarshe kafin Nasara su shigo ƙasar. Manomi da damina ke nan. Da an kai gero rumbu sai ya rataye hauya ya ɗauko gatari ya bi 'yan hari. Bai taɓa mallakar doki ba. Dakare ne, cikin masu tafiya a ƙasa da warki da kwarin kibau, waɗanda ake turawa gaba su fasa shinge, in an dawo a ba su abin da manya suka raina. A zamanin, tsakanin Maraɗi da Katsina babu hanyar da mutum zai bi da kwanciyar rai. Yau waɗannan su ƙone ƙauyen waɗancan, gobe a rama, talakan da ke tsakiya kuwa ko dai ya kai hari ko a kawo masa. Abarshi ya zaɓi nasa, kuma ba zan wanke shi ba. Ya kashe mutane. Dije ta ce tana ƙarama ta gan shi ya dawo ya zauna bakin rijiya yana ciro gashin kan mutum daga bakin gatarinsa da tsinke, yana tambaya ko an dama fura.

Kunnensa na hagu babu rabi. In an tambaye shi sai ya ce kura ce, ya kafe mai tambayar da ido har ya ga dacewar yarda. Gaskiyar kuwa matarsa Jummai kaɗai ya faɗa wa. Wata shekara ta yunwa, ayarinsu ya dawo daga ƙasar Katsina hannu banza, ciki banza. Da suka biyo ta Madarumfa sai suka hango hayaƙin banda a wata tungar masunta da ke bakin tafki. Mutanen ba abokan gaba ba ne, nasu ne, amma ƙamshin kifi ya fi ƙarfin zumunci a ranar. Suka afka musu da sassafe, suka cinna wa bukkoki wuta. Abarshi yana jan wani kwandon kifi daga rumfar banda, wata mata ta ɗane bayansa ta kama kunnensa da haƙora, ba ta saki ba sai da ta tafi da rabi. Ya juya ya buga mata ƙotar gatari a tsakiyar ka, bai tsaya ganin ko ta tashi ba. Sai da wuta ta haska sosai ya ɗaga kai ya ga giginya biyu da suka fito daga gindi ɗaya. Tun yana goye yake jin labarin giginyar nan. Tungar da aka haifi uwarsa ce ya ƙone, kuma haka ya ɗauko kwandon ya kawo gida aka ci.

Uwar tasa, Inde, ita kaɗai ce mahaluƙin da Abarshi ke tsoro. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin harshe. An kawo ta aure wannan busasshen ƙauye tana yarinya, yaƙi ya toshe hanya, ta yi shekara hamsin da wani abu ba ta sake ganin ruwan da ya fi bakin rijiya faɗi ba. Hirarta ɗaya ce: tafki. Yadda laka ke shiga tsakanin yatsun ƙafa, yadda tsuntsaye ke rufe rana in sun tashi, yadda ubanta ke banda da itacen gawo da ɓawon gyaɗa. Abarshi ɗanta ne na fari, don haka kunya ba ta bar ta ta taɓa faɗin sunansa ba. "Kai wanga" take ce masa, shi kuma ƙaton da ke fasa shingen mutane sai ya taho ya durƙusa.

Shekara goma sha biyu bayan ƙona tungar, idanun Inde suka fara yin yana. Da kaka, an gama ɗaurin gero, ta kira shi gaban kowa.

"Kai wanga, idona ya kusa ruhewa. Ka kai ni tabki in ga ruwa kahin shi ida. Da ni da matarka da ɗiyarka. Mu kwana bakwai, mu ci ɗanyen kihi, mu miƙe ƙahwa, mu dawo."

Maƙwabta suka yi ta dariya a ɓoye, wai ina aka taɓa tafiyar yini guda cikin dajin mahara don kallon ruwa kurum, ba biki ba, ba ta'aziyya ba. Abarshi bai yi dariya ba. Ya ce, "To, Inna." Daga ranar ba shi da wata magana a duniya sai yadda tsohuwar nan za ta ga tafki tun idonta yana gani.

Jummai mace ce mai hankali, kuma abin da ta faɗa shi ne abin da kowane mai hankali zai faɗa. Ta ce a ɗauki damin gero biyu, a bi babbar hanya da rana tsaka, a shiga tungar ta ƙofa, a gaida dattijon wurin, a ce ga 'yarku mun kawo ta ga gida.

Abarshi ya taɓa guntun kunnensa ya ce, "Wanga ya riga ni yin sallama can. Suna ganinai za su tsire ni, ita kuma ba ta ga ruwa ba."

"To ka aika wani ya hwaɗa musu."

"Wanda ya hwaɗi hanyarshi, a kanta ake tare shi. Ki bar mini, na san yadda ake tahiya."

Ya kuwa sani, nan matsalar take. Tafiya iri ɗaya ya sani a rayuwarsa, irin wadda ake yi in za a faɗa wa mutane ba su shirya ba. Da ita ya zauna ya tsara hutun uwarsa.

Sau uku ya je leƙen wurin shi kaɗai. Bai bi hanya ba, daji ya ratsa, yana sarar alama a jikin itatuwa. Ya gano kwarin da za su kwana ba a gan su ba. Ya gano wani wuri a gaɓa mai farin rairayi kudu da tungar, ga inuwar gawo, ga dogayen ciyayi sun kāre shi, inda a lissafinsa mutum huɗu za su yi kwana bakwai ba wanda ya sani. Ya ƙirga taku daga gawon zuwa ruwa. Ya kwanta rub da ciki a ciyawa yana ƙirga bukkoki da mazan da ke fita su, yana ƙulla kowane a jikin igiya, don ya san lokacin da bakin ruwa ke zama ba kowa. Ni da zan ce, wahalar da ya sha wajen guje wa gaisuwa ɗaya ta isa a gaida ƙasar duka.

A zuwa na uku wani masunci, Tanko, ya fito daga ciyawa da homarsa ta kamun kifi a kafaɗa ya kusa taka shi. Hannun Abarshi ya riga tunaninsa. Ya fizgo ƙafar mutumin, ya hau ƙirjinsa, ya shaƙe shi, ya ja shi zuwa ruwa ya danna kansa cikin laka. Tanko ya yi ta shure-shure har ya saki jiki. Abarshi ya ciro shi, ya ga da sauran numfashi, sai ya buga masa gwiwar hannu a baki har haƙora biyu suka zube, ya cusa masa ciyawa, ya ɗaure shi tamau da igiyar homarsa, ya tura shi ƙarƙashin geza. Ya dawo gida yana jin daɗin kansa. Ya ce wa Jummai shi yanzu ya zama mutumin kirki, don da da ne yanka shi zai yi.

Jummai ta dafe kai ta ce, "Ya ga kunnen?"

"Ya gani. Amma tsoro ba shi barinai ya buɗe baki."

Tanko kuwa da aka tsince shi da rana tsaka, bakin da ya rage masa ya buɗe shi sosai. Ya ce mai rabin kunne ya dawo, yana kwance yana ƙirga bukkoki da igiya. Ba a buƙatar malami ya fassara wannan. Mutanen tungar suka bar kamun kifi, suka zauna fiƙe kibau. Suka dafa dafin kwankwani har ya yi baƙi ya yi danƙo. Suka bi sawunsa suka ga saran da ya yi wa itatuwa, wato ya zana musu hanyar da zai biyo. Suka ɗora mai tsaro a kan kuka, suka jira.

A gida kuwa Abarshi ya mai da iyalinsa dakaru. Ya sa Jummai da Dije suka cire mundaye da duk abin da ke ƙara. Ya ce baƙin zane kowa zai ɗaura. Ya hana a kunna wuta a hanya, sai dawo da ruwa a gora. Jakuna biyu ya tanada, ya naɗe musu kofato da tsumma, ya ɗaura wa kowane dutse a wutsiya, don jaki ba ya kuka sai ya ɗaga wutsiya. Ɗaya ya gwada yin kukan duk da haka, Abarshi ya naushe shi a hanci har ya durƙusa. Wani maƙwabci ya leƙo ta kan danga ya tambayi ranar tafiya, Abarshi ya jawo shi ta wuyan riga ya maka shi da ƙasa, ya ce ya sake tambaya. Dije, wadda a lokacin budurwa ce, ta ce sau huɗu ya tashe su suka zagaya bayan gari a layi, a duƙe, ba magana, wai gwaji. Inde tana kan jaki tana ce masa, "Kai wanga, tabki na ce ka kai ni, ban ce ka sato ni ba."

Kayan ma haka. Ya auna gishiri da daddawa da barkono na miyar kifi na kwana bakwai, ya ƙulla kowace rana daban. Tukunya ɗaya, ƙwarya huɗu, ludayi huɗu, tabarmi, zana uku. Sai abin da ya fi alfahari da shi: sandunan rumfa. Ya ce in suka sari itace a can za a ji sara, don haka daga gida ya saro dogayen sanduna goma sha biyu, ya fiƙe bakin kowace don ta shiga rairayi ba sai an buga ba, ya ɗaure su a gefen jakuna, tsininsu yana kallon sama.

Suka tashi da sassafe, suka yini suna ratsa daji, suka kwana a kwarin da ya zaɓa. Gari yana wayewa ya tashe su, don a saninsa wannan ne lokacin da mutane ba su gama wartsakewa ba. Suka shiga dogayen ciyayin da suka fi mutum tsawo, shi a gaba da gatari, jakin kaya, Jummai, jakin Inde, Dije a baya. Ba tari, ba magana, ba ƙarar kofato.

Mai tsaron da ke kan kuka bai ga mata ba, bai ga jakuna ba. Ciyawa ta rufe su. Abin da ya gani shi ne tsinin māsu goma sha biyu suna tafiya a layi, shiru, ta hanyar da aka sare, a daidai lokacin da mahara ke zuwa. Ya busa ƙaho.

Dije ta ce abin da ta fara ji wani shuu ne ta saman kanta, sai jakin gaba ya yi tsalle da kibiya a wuya. Ya yi kukan da aka hana shi, da dutsen da komai, ya faɗi yana harbin iska, tukunya da tabarmi suka watse. Jakin Inde ya zabura ya yar da ita. Dije ta faɗa kan kakarta ta rufe ta da jikinta. Wani kulki da aka jefo ya sami Jummai a goshi, fatar ta tsage, jini ya rufe mata ido, ta zauna daɓas tana laluben ƙasa. Sai maza suka fito daga ciyawa ta ko'ina, da māsun kifi da sanduna da adduna.

Da Abarshi ya ɗaga hannu sama ya yi magana a lokacin, wataƙila da abin ya tsaya nan. Amma an taɓa shi inda ya iya. Ya fizgo sanda ɗaya daga jikin jakin ya sharɓe na farko a gwiwa, aka ji ƙas, mutumin ya kife. Na biyu ya kawo masa sara, ya goce, ya sa masa kai a fuska, hanci ya fashe. Wani saurayi ya yi kan matan da adda a sama, bai ma san mata ba ne, Abarshi ya tare shi ya sauke masa gatari a kafaɗa, ƙarfen ya shige har ƙashi ya maƙale. Yana fama ya zare ne Tanko ya zo ta gefe ya caka masa māshin kifi a cinya, irin mai ƙayoyin nan da ba ya fita. Abarshi ya karya ƙotar da hannu ɗaya, ya kama Tanko a wuya. Sai wata kibiya ta fito daga ciyawa ta shige masa ƙarƙashin haƙarƙari, ya saki.

Duk wannan bai kai a sha ruwa a ajiye ƙwarya ba. Inde ce ta ture Dije ta miƙe tsaye, kanta ba kallabi, ƙasa a fuskarta. Muryar da take korar awaki da ita ta buɗe.

"Ku tsaya, 'ya'yan banza. Ni ce Inde ta gindin giginya biyu, ɗiyar mai banda da ɓawon gyaɗa. Gidan ubana na zo. Wa ya rage cikinku da ya san ni?"

Hannuwa suka tsaya a sama. Wani tsoho ya ratso mutane yana dogara baka, ya matso ya ƙura mata ido. Kanta sunansa, ƙanenta ne, wanda ta goya kafin a kai ta aure, yanzu shi ne dattijon tungar.

"Yaya Inde?" in ji shi. Ya dubi mata biyun da ke ƙasa, ya dubi ciyawa. "Ina sauran?"

"Wane saura?"

"Masu māsun."

Jummai ce ta amsa, tana share jini da gefen zane. "Babu saura, Baba. Mu huɗu ne. Hutu munka zo."

Mutum ɗaya ya ɗauki sanda ya juya ta, ya ga babu ƙarfe. Wani ya kwance ƙulli ya ga daddawa. Ludayi huɗu suna zube a ƙasa kusa da saurayin da ke nishi cikin jininsa. Dije ta ce ita a lokacin haushin ubanta take ji fiye da tausayinsa.

Abarshi yana durƙushe. Ya kama kibiyar ya karya ta, ya duba abin da ya rage a hannunsa, ya ga baƙin danƙon, ya sansana. Da hannunsa ya sha dafa irinsa, ya san aikinsa sarai. Kanta ya ce a kwantar da shi a tsaga wurin a tsotse.

"Ta yi nisa, Kawu. Kada ku ɓata mini lokaci." Ya ɗaga kai ya nemi gawon da ya yi wa alama, ya gan shi nan kusa. "Daga nan zuwa ruwa taku ɗari uku da arba'in ne. Ina kaiwa. Inna, hau."

Ya juya mata baya. Ta hau, ya miƙe da guntun māshi a cinya. Tanko mai giɓi ya sha gabansa da adda.

"Mai rabin kunne. Ɗaya rabin yana cikin bakin uwata anka bizne ta."

Abarshi bai musa ba. Ya ce, "Ni ne. Ka bari in aje ta bakin ruwa, sannan ka ida."

Tanko ya dubi tsohuwar da ke goye. Ya matsa gefe, amma bai sauke addar ba. Ya bi su a baya taku da taku, sauran mutane suka biyo shi, Dije tana riƙe da uwarta.

Dije tana kusa, ta ji abin da aka faɗa. Abarshi yana tafiya yana ƙirgawa a hankali, jini yana cika masa sawu. Wajen taku na ɗari ya ce, "Inna, kin ji abin da ya ce."

"Na sani tun shekarar."

Ya yi tuntuɓe, ya gyara ta.

"Kihin da ka kawo cikin kwando," in ji ta. "Ina sa shi baki na ji ɓawon gyaɗa. Gidanmu kaɗai ke banda haka. Na ci, don muna jin yunwa. Amma na sani."

"Ba ki ce komi ba."

"Jira nike ka hwaɗa. Da ka ƙi, na ce ka kai ni, ko ka shiga ta ƙohwa ka durƙusa ma mutane ina da rai, in roƙa maka. Sai ka bi da ni ta ciyawa."

Ya ci gaba da tafiya. Ƙirgar ta fara sarƙe masa, harshe ya yi nauyi, gumi yana zuba kamar an watsa masa ruwa. Sau biyu ya kai gwiwa ƙasa, Kanta ya miƙo hannu zai karɓe ta, ya girgiza kai. Ciyawar ta ƙare, suka fito kan farin rairayin. Rana ta ɗago, tafkin yana shimfiɗe har inda ido ya tsaya, hayaniyar da aka yi ta tashi tsuntsaye suna ta zagaye a sama.

Bai tsaya a gaɓa ba. Ya shiga har ruwa ya kai masa ƙwauri, ya durƙusa, ya zame ta a hankali ta tsaya da ƙafarta.

"Kina gani?"

Inde ta kāre ido da tafin hannu ta daɗe tana dubawa. "Ina ganin haske mai hwaɗi. Ga baƙin abu can yana tahiya."

"Jirgi ne."

"To na gani." Ta motsa yatsun ƙafarta cikin laka. "Da sanyi, yadda na bar shi."

Yana durƙushe a gefenta, kansa ya fara sunkuyawa. Ta laluba ta sami kan, ta bi da hannu har guntun kunnen, ta riƙe. Ta ɗebo ruwa ta wanke masa fuska kamar yadda ake yi wa yaro.

"Abarshi," in ji ta.

Dije ta ce ya ɗago kai da sauri, kamar wanda aka kira daga wani gari. Shekararsa hamsin bai taɓa jin sunan a bakin nan ba. Ya buɗe baki zai amsa, jikinsa ya karkata, ya kwanta a gefensa cikin ruwan. Tanko ya tsaya a kansu da addarsa har ruwan wurin ya yi ja ya sake washewa. Daga baya ya soka addar a rairayi, ya kama ƙafafu, wani ya kama kafaɗu, suka fito da shi.

Saurayin da aka sara ya rayu, amma hannun bai sake ɗaga homa ba. Mai gwiwa ya ƙare rayuwarsa da sanda. Ban faɗi wannan don a manta ba, su ma suna da jikoki, kuma na tabbata a gidajensu ba haka ake ba da labarin ba. Jummai ta tafi kabari da tabo a goshi. Inde ba ta koma ƙauye ba, ta zauna wurin ƙanenta, idon ya rufe kafin damina, ta ƙara shekara biyu tana sa a kai ta bakin ruwa kowace safiya.

An binne Abarshi a gindin gawon. Da sanduna biyu cikin nasa aka ɗauke shi, goman da suka rage aka kafa rumfa da su a kan rairayin, suka kuwa shige ba a buga ba. Nan matan uku suka zauna karɓar gaisuwa. Mutanen tungar, har da matar Tanko, suna kawo ɗanyen kifi kowace safiya, Jummai tana kwance ƙulli ɗaya ta yi miya. Dije ta ce duk zaman nan ba su nemi ko allura wurin kowa ba. Gishirin ya ƙare ranar kwana na bakwai, da miyar rana.